Ƙafar Madubi

Ni ne Tukur, rumfa ta huɗu daga bakin kwata a Panteka.
Tukwanen dalma nake zubawa, da ludayi, da murhu,
har ranar da wata mata ta tsallako tulin tsohon ƙarfe,
takarda naɗe a hannunta,
ta ce, "Ƙafa nake so ka ƙera wa madubi."

Na ce, "Hajiya, madubi ai a bango ake rataye shi."
Ta ce, "Nawa bai kai faɗin kwabo ba,
amma in ya karkace da kaurin silin gashi
aikin wata shida ya bi ruwa."

Sau bakwai tana dawo mini da shi.
A na takwas ta murɗa noti, ta yi shiru,
sai ta tambayi sunana.

Ɗakin Dakta Hansatu ba taga.
Baƙin labule, tebur mai nauyin bijimi
zaune kan tayoyin babur huɗu,
don kada tirelar da ke wucewa Kawo
ta girgiza mata haske.

Ta ce, "Ƙwan lantarki tashin kasuwa ne, Tukur,
kowa da inda ya dosa.
Leza kuwa sahu ce,
kafaɗa da kafaɗa, fuska ɗaya."

Akwai wani ɗan dutse garau, kamar gutsuren alewa,
albashin wata uku ya ci.
Hasken da ke shigarsa ido ba ya gani,
ta hana ni ma leƙawa sai da baƙin tabarau.
Ƙarfe biyun dare, lokacin da wuta ke tsayawa da ƙafafunta,
ta taɓa notina kaɗan,
sai ga kore ya tsaya a bango,
koren zogale bayan ruwan fari.

Na ja da baya ina salati.
Ta yi dariya har ta dafa tebur,
sannan ta tsawata wa kanta don ta dafa.

"Ƙwaya biyu ke shiga, su fito ɗaya mai ƙarfin biyun.
In ka ninka abin da ka zuba,
huɗu za ka kwasa."
Na ce, "Mai awo irin wannan a Kasuwar Barci,
ko waliyyi ko ɓarawo."

An kira ta ƙasashen sanyi, ta je shekara biyu.
Muka ce shi ke nan.
Sai ga ta da akwati,
gilasai naɗe cikin zannuwanta,
ko turare ba ta sayo wa kowa ba.

Yara suka yi ta wucewa ta ɗakin nan:
Yohanna ɗan Kagoro mai fasa abu kowace Laraba,
Rakiya da ta yi kuka a kan lissafi, yanzu ita ke sa wasu kuka,
wani dogo da na manta sunansa,
an ce shi ke binne zaren gilas a gefen hanyar Zariya
da muryoyinmu ke bi.

Takardunta ban iya karanta su ba.
Amma ta taɓa ɗora yatsa a gindin wata,
ta ce, "Nan, wajen godiya. Kai ne wannan."

Bara yana ta sake rufe mini idon hagu bayan aiki.
A asibitin ido na Mando aka zaunar da ni,
haɓa a kan ƙarfe.
Mai saita na'urar ya dube ni, ya sake duba,
furfura a gemunsa.
"Baba Tukur? Ni ne Yohanna."

Na ce, "Yau wace rana?"
Ya ce, "Alhamis."
Na ce, "To, bismilla."

Ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana fasa gyaɗa a ɗaki na gaba.
Da yamma na ga layin tafin hannuna.

Ita tana Unguwar Rimi yanzu, ta ajiye aiki,
gwiwa ta hana ta hawa bene.
Na kai mata sabuwar tukunya ranar Asabar.
Ta ɗaga murfin, ta kai shi saitin rana,
ta rufe ido ɗaya,
ta ce bakin ya ɗan karkace.